Kunu, Fura da Markaɗen 'Ya'yan Itace: Abincin Sha na Yaro Daga Wata Shida Zuwa Yaye



1. Gabatarwa

Nazarin Hausa, kamar yadda kowa ya sani, a kan duwatsu uku yake zaune kamar tukunya bisa murhu, watau harshe da adabi da al'ada. Abinci kuwa yana cikin manyan rassan al'ada, kuma a cikin dukan abincin da Bahaushe yake ci babu wanda ya kai na ƙaramin yaro muhimmanci, domin shi ne tubalin da ake fara aza ginin mutum a kansa. Wannan shi ya sa na zaɓi in yi magana yau a kan abincin sha da ake ba yaro tun daga wata shida har zuwa yaye.

Dalili na biyu shi ne halin da muke ciki. Binciken ƙidayar jama'a da lafiyarsu da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran ƙasar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Hausawa suka fi yawa, adadin ya kai kashi 57 cikin 100. Wannan shiyya kuwa ita ce mai gero da dawa da wake da gyaɗa da shanu. Tilas ke nan mu tambayi kanmu yadda aka yi yaro yake tsumburewa a gindin rumbu.

Talauci da cututtuka suna da babban rabo a cikin amsar, babu musu. Amma akwai wani rabo da yake hannunmu, wanda shi ne jigon wannan lacca: cikin yaro ƙarami ne, saboda haka duk abin shan da za a zuba a cikinsa dole ne ya kasance mai kauri, mai haɗi, mai tsabta. Abin da ya tsinke yana cika cikin yaro ya bar jikinsa da yunwa.

2. Kalmomin Abin Sha a Hausa

Harshen al'umma yakan yawaita kalmomi a kan abin da ta ƙware a kansa. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko kuma ya saurari tsofaffin gidansu, zai tarar Bahaushe ya rarrabe abin sha filla-filla. Akwai koko, wanda ake damawa da gasarar da ta kwana ta yi tsami. Akwai kunu iri-iri: na tsamiya, na gyaɗa, na kanwa, na zaƙi, na aya. Akwai fura, wadda ake damawa da nono. A ɓangaren nonon ma an bambanta madara, wadda aka tatso yanzu, da kindirmo, wanda ya yi barci da mansa a ciki, da tsala, wanda aka kaɗa aka cire masa man shanu. Sa'an nan ga salala da farau-farau, waɗanda su ne ƙarshen tsinkewa, ruwa ne kawai da ya ga gari.

Haka kuma aikatau na wannan fage suna da yawa. Ana damawa, ana kwaɓawa, ana burgawa da maburgi, ana murjewa da ludayi, ana tacewa, ana markaɗawa. Kowace kalma daga cikin waɗannan tana nuna wani mataki na laushi da kauri.

Inda matsala take shi ne, idan aka ce wa uwa a asibiti ko a rediyo, "In yaro ya kai wata shida a fara ba shi kunu," an faɗi gaskiya, amma rabinta aka faɗa. Kalmar kunu ta haɗa wanda yake tsayawa a cokali da wanda yake zuba kamar ruwa. Uwa kuwa, saboda tausayi da tsoron kada yaro ya ƙware, takan zaɓi mai ruwa-ruwa. Daɗin daɗawa akwai tsohuwar al'adar ɗura, inda ake kwantar da yaro bisa cinya a tara tafin hannu a bakinsa a riƙa zuba masa kunu. Ɗura ba ta yiwuwa sai da tsinkakken abu, haka ma bulumboti da ya zo daga baya. Ashe ke nan hanyar bayarwa ce ta tsinka abincin.

A 'yan shekarun nan wani baƙon abin sha ya shigo gidajenmu na birni, wanda Turawa suke kira sumuti. Asalinsa 'ya'yan itace ne ake zubawa cikin bilenda tare da madara ko kindirmo a markaɗa su har su yi sumul. Ita bilenda wani Ba'amurke mai suna Stephen Poplawski ya ƙago ta a 1922 don haɗa abin shan madara, kuma shi abin shan ya yaɗu a Amurka daga shekarun 1960 zuwa 1970. Ni dai a nan zan kira shi markaɗen 'ya'yan itace. In an duba da kyau, wan fura da nono ne ko ƙanenta: a ɗauki abu mai jiki, a murje shi cikin nono, a sha. Abin da ya ƙara mana shi ne tunanin sa 'ya'yan itace a cikin damun, kuma tunani ne mai kyau, muddin an bi ƙa'idodin da za su biyo.

3. Wata Shida na Farko da Abin da ke Biyo Baya

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har ya cika wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu, sa'an nan a ci gaba da ba shi nono tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Wannan wa'adi na shekara biyu ba baƙo ba ne gare mu, domin Alƙur'ani mai girma ya ambace shi a Suratul Baƙara, aya ta 233, kuma a kansa al'adar yaye ta ginu. Saboda haka duk abin da zan faɗa game da kunu ko markaɗe bai shafi jaririn da bai kai wata shida ba.

Daga wata shida nono shi kaɗai ba ya isar yaro. Masana sun auna giɓin da ma'aunin kuzarin abinci da ake kira kalori. Yaron da yake shan nono yana bukatar ƙarin kalori kimanin 200 a rana daga wata 6 zuwa 8, da 300 daga wata 9 zuwa 11, da 550 daga wata 12 zuwa 23. Har ila yau sinadarin ƙarfe da aka haife shi da shi, wanda jiki yake yin jini da shi, yakan fara ƙarewa a daidai wata na shida.

Wannan tsakani mai hatsari ne, kuma al'ummomin Afirka sun daɗe da lura da shi. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau, ta bayyana wata cuta ta yaran da ake ciyarwa da kunun masara tsura, mai sa kumburi da canjin launin gashi da saɓar fata. A 1935 ta sa mata sunan da mutanen Ga suke kiranta da shi, kwashiyoko, ma'ana ciwon da ke kama yaro idan ƙanensa ya ture shi daga nono. Bahaushe ma ya san wannan sarai: yana da kalmar kwanika ga cikin da ya shiga kafin a yaye na goye, yana kuma da kalmar tamowa ga ramar da ke biyo baya.

4. Lissafin Cikin Yaro

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan ne maganar take. Cikin ƙaramin yaro yana ɗaukar kimanin giram 30 na abinci a kan kowane kilo ɗaya na nauyinsa. Yaro ɗan wata takwas mai kilo 8 ba zai iya shanye abin da ya wuce mililita 240 a zama ɗaya ba, watau kimanin gwangwanin madara ɗaya da rabi. Ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni mai kilo 10 kuwa, mililita 300.

To, mene ne a cikin tsinkakken kunu? Idan a cikin giram 100 na kunu akwai gari giram 10, sauran duk ruwa, kuzarinsa bai wuce kalori 36 ba. Nonon uwa kuwa yana da kalori 65 zuwa 70 a cikin mililita 100. Ke nan uwar da ta cika cikin ɗanta da irin wannan kunu har ya ƙi kama nono, ta musanya masa abu mai ƙarfi da wanda da kaɗan ya wuce rabinsa. Ɗan wata goma sha biyar da yake bukatar kalori 550, in da wannan kunu za a biya masa bukata, sai ya sha fiye da lita ɗaya da rabi a rana, watau a cika cikinsa maƙil sau biyar, abin da ba kowane yaro zai yarda da shi ba. Ko da ya shanye ma, sitaci ya sha, babu mai, babu isasshen abin gina jiki.

Abin da masana suke nema shi ne abincin yaro ya kai aƙalla kalori 80 a cikin giram 100. Uwa ba ta da sikeli a madafa, amma akwai gwaji mai sauƙi wanda ma'aikatan lafiya suke koyarwa: a ɗebo kunun da cokali a karkata shi. In ya zube nan take, ya tsinke. In ya tsaya, ko ya riƙa saukowa a hankali, ya yi daidai.

Wani zai ce ai kunu mai kauri yana yi wa ɗan wata shida wuyar haɗiya. Maganin wannan yana hannun masu kunun zaƙi, waɗanda suka daɗe suna sa garin tsiron hatsi ko na busasshen dankali a cikin dafaffiyar gasara, ta sake ta yi zaƙi ba tare da an ƙara ruwa ba. Dalili shi ne, hatsin da ya tsira yana da wani sinadari mai narkar da sitaci. A shekarun 1980 masana a Tanzaniya da Indiya sun gwada wannan dabara ga abincin yara suka tabbatar da amfaninta. Yadda ake yi, a jiƙa gero ya kwana, a tsane shi a rufe da tsumma mai laima kwana biyu har ya tsira, a shanya ya bushe ƙayau, a murje tsiron da saiwar a sheƙe su, sa'an nan a niƙa. Cire tsiron wajibi ne, musamman in dawa ce, domin tsironta yana da dafi. Idan aka dama kunu da kauri aka sauke ya ɗan huce, sai a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na wannan gari a juya. Cikin 'yan mintoci zai sake, sai a mai da shi wuta ya tafasa. An sami kunu mai laushin haɗiya wanda garinsa ya ninka na tsinkakke.

5. Kayan Haɗi

Kauri shi kaɗai bai wadatar ba, sai da haɗi. Ana iya kasa kayan haɗin gida huɗu.

Na farko shi ne gindin abin, watau hatsi ko wani abu mai sitaci: gero, dawa, masara, acca, shinkafa, dafaffen dankalin Hausa, ko ayaba nunanniya. Duk hatsin da za a sa sai an dafa shi. Gasarar da ta yi tsami tana da fifiko, domin tsamin yana rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta, yana kuma sauƙaƙa wa jiki cin moriyar ƙarfen da ke cikin hatsin.

Na biyu shi ne mai gina jiki: kindirmo, madara, gyaɗa, waken suya, riɗi, dafaffen ƙwai. A nan gyaɗa ta cancanci a tsaya a kanta. Giram 100 na gyaɗa yana da kalori kimanin 570, kuma rubu'insa furotin ne. Abincin nan na cikin leda mai suna Plumpy'Nut, wanda André Briend da Michel Lescanne suka haɗa a Faransa a 1996, wanda kuma aka ceci dubban yara da shi a Maraɗi da kewayenta lokacin yunwar 2005, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari da bitamin. Leda ɗaya mai giram 92 tana da kalori 500. Wannan magani ne na yaron da tamowa ta riga ta kayar, asibiti ke bayarwa. Amma abin lura shi ne, gindinsa gyaɗar da muke nomawa ce, kuma kunun gyaɗa ya riga shi zuwa duniya da daɗewa. Game da nono kuwa, kindirmo za a nema wa yaro, domin tsala an raba shi da mansa, ga shi kuma sau da yawa a kasuwa akan ƙara masa ruwa.

Na uku shi ne mai. Kowane giram ɗaya na mai yana da kalori 9, saboda haka ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu yana ƙara wa kofin kunu kalori kimanin 40 ba tare da ya ƙara masa yawa ba, yana kuma sa shi santsin haɗiya. Fiya ma tana cikin wannan gida, don ita 'yar itace ce mai maiƙo.

Na huɗu su ne 'ya'yan itace da ganye. Masu launin ja ko rawaya, irin su mangwaro da gwanda da karas da kabewa da dankali mai jan ciki, suna ba da bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa jiki ga yaƙi da cuta, kuma jiki ya fi cin moriyarsa idan akwai ɗan mai a tare. Gwaba da lemo da garin ɗan kuka suna da bitamin C mai yawa, wanda yake taimakon hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin hatsi da wake. Ɗan kuka da aka ce yana jawo wa uwarsa jifa, ashe ba a banza ake jifan ba. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana hana jiki tsotsar ƙarfe, don haka ba abin shan yaro ba ne. Garin busasshen zogale da aka shanya a inuwa, rabin ƙaramin cokali ya isa a dafa cikin kunu.

Ba sai an sayi na nesa mai tsada ba. Kowane lokaci da nasa: mangwaro da bazara, gwaba wajen kaka, ɗan kuka da rani, gwanda da ayaba kusan duk shekara.

6. Misalan Haɗi Bisa Ga Watanni

Daga wata 6 zuwa 8 ana farawa da abu ɗaya tak, babban cokali biyu ko uku, sau biyu ko uku a rana, bayan an ba da nono. Alal misali a murje rabin ayaba ko yankin gwanda da bayan cokali, a sassauta shi da nonon uwa da aka tatsa. Bayan 'yan kwanaki a kawo wani sabon abu, don in jikin yaro ya ƙi wani abu a gane ko wane ne. Sannu a hankali a kai ga kunun gero mai kauri da ƙaramin cokali na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da murjajjiyar gwanda a ciki.

Daga wata 9 zuwa 11 ana ciyarwa sau uku zuwa huɗu, kimanin rabin kofi kowane zama. Ga wani haɗi da lissafinsa: rabin ayaba, kalori 45; kindirmo mililita 100, kalori 60; babban cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kalori 90. Jimla kusan kalori 200 a cikin abin da bai fi gwangwanin madara ɗaya ba. Kafin yaro ya sami wannan daga tsinkakken kunu sai ya sha fiye da rabin lita. Ana iya sa mangwaro a madadin ayaba, ko dafaffen dankali da karas.

Daga wata 12 zuwa 23 yaro ya shiga cin abincin gida, markaɗe ya koma abin tsakanin abinci, sau ɗaya ko biyu a rana. A nan fura ta samu shiga: ɗan ƙaramin curi da aka yi wa yaro musamman ba barkono ba yaji mai yawa, a dama da kindirmo, a sa ƙaramin cokali na garin ɗan kuka da dabino ɗaya da aka jiƙa aka cire ƙwallon aka murje.

Duk waɗannan ba su bukatar wutar lantarki. Mai bilenda ta yi amfani da ita. Wadda ba ta da ita, ludayi da maburgi da rariya da ƙaramin turmi mai tsabta sun ishe ta.

7. Abubuwan Kiyayewa

Na farko zuma. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma al'ada ce a lasa wa jariri ita. Amma zuma takan ɗauki irin wata ƙwayar cuta wadda hanjin babba yake kashewa, na jariri kuwa bai iya ba, sai ta tsira a ciki ta fitar da dafi mai shanye jiki har numfashi ya gagara. A 1976 aka fara gane wannan cuta ta jarirai a Amurka. Ƙa'ida ita ce babu zuma sai yaro ya cika shekara ɗaya.

Na biyu sukari. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 ta ce kada a ba su abin sha mai sukari, a kuma taƙaita ko da tataccen ruwan 'ya'yan itace ne. Fifikon markaɗe a kan tataccen ruwa shi ne an bar tsokar ɗan itacen da zare-zarenta a ciki. In aka tace aka zubar da su, ruwan zaƙi kawai ya rage, mai kashe wa yaro sha'awar abinci da lalata haƙori. Gishiri da kanwa su ma ba su da gurbi a nan.

Na uku gyaɗa. A tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse ko ta yi ɗaci, domin fumfunar tana fitar da wani dafi mai suna afalatoksin, mai cutar da hanta, wanda aka gano bayan ya kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960. Suya ba ta kashe shi. Sa'an nan kada a ba ƙaramin yaro gyaɗa ko aya ɗungum, don takan shaƙe shi, sai dai niƙaƙƙiya lilis. Amma ba a ce a jinkirta ba shi ita ba: wani bincike da aka yi a Landan aka buga a 2015 ya nuna yaran da aka fara ba gyaɗa tun kafin su shekara sun fi tsira daga borin jikin da take sa wa wasu. In dai yaro ya ci wani abu sai fuskarsa ta kumbura, ko jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, ko numfashinsa ya sarƙe, a garzaya da shi asibiti.

Na huɗu tsabta. Madarar shanu sai an tafasa ta kafin a sa ta barci, domin ɗanyarta tana iya ɗaukar tarin fuka da wasu cututtukan dabbobi. Ruwan damu ya zama tafasasshe, ƙwai ya zama dafaffe, a wanke hannu da sabulu, a wanke ɗan itace kafin a fere. Bilenda a kwance ta a wanke ƙarƙashin wuƙarta, inda saura yake maƙalewa ya ruɓe. Abin da aka dama, in babu firiji, kada ya wuce awa biyu, kuma ragowar da yaro ya sa wa baki ba a ajiye masa ita. Zawo guda yana iya rushe ginin wata guda.

Na biyar hanyar bayarwa. A zaunar da yaro, a ba shi da cokali ko kofi, ana yi masa magana, in ya kau da kai a dakata a sake gwadawa. Ɗura tana iya tura kunu cikin huhu, bulumboti kuma yana da wuyar wankewa.

Na shida, wanda masu bilenda suka fi bukatar ji, shi ne markaɗe ba ya maye gurbin tauna. Daga wata takwas yaro yana iya riƙe yankin ayaba ko dafaffen dankali ya ci da kansa, kuma an lura yaron da ya wuce wata goma bai saba da abu mai gudaji ba yakan yi wuyar karɓar abinci daga baya. Bugu da ƙari madara da 'ya'yan itace ba su da ƙarfe mai yawa. Wannan sai hanta da nama da kifi, waɗanda jagorar 2023 ta ce a ba yaro su, ko ƙwai, kullum. Camfin nan da ke cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, hikimarsa a da ita ce a bar ƙwai ya zama kaza. Yau mun san abin da yaro yake rasawa, ya kamata camfin ya huta.

8. Kammalawa

A taƙaice, abin da na yi ƙoƙarin nunawa shi ne, cikin yaro bai wuce gwangwanin madara ɗaya da rabi zuwa biyu ba, kuma abin da aka zuba a wannan ɗan wuri tsakanin wata shida da shekara biyu shi ke yanke hukuncin tsawonsa da ƙarfinsa, har da kaifin ƙwaƙwalwarsa. Tsumburewar da ta kama yaro a waɗannan shekaru tana da wuyar gyaruwa daga baya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kayan aikin duk muna da su: gero, gyaɗa, kindirmo, mai, gwanda, mangwaro, ɗan kuka.

Mu masu nazarin harshe muna da namu aikin a nan. Saƙon da ake isarwa ga iyaye mata a asibiti da rediyo da makarantun Islamiyya yana bukatar kalmomi daidaitattu. Maimakon a ce "a ba shi kunu," a ce "a ba shi kunu mai tsayawa a cokali, da gyaɗa da mai da ɗan itace a ciki." Ina kira ga ɗalibanmu, musamman masu neman batun kundin digiri, su shiga ƙauyuka su tattaro sunayen abincin yara da yadda ake yin su daga bakin tsofaffi, mu zauna da malaman lafiya mu tantance na riƙewa da na bari. Ina kuma kira ga maza magidanta, da yake su ke cefane, su tuna mudun gyaɗa da ƙwai biyu na ɗan goye suna cikin kuɗin cefane, kafin goro. Yadda aka dama, haka za a sha.

 Allah Ya raya mana zuriya.